Kifaye a Kalandar Kicin

Daren da Baltasar ya yi kuka a banɗaki,
ruwa na dukan rufin kwano kamar mai bin bashi.
Ya ce, "Mama, zafi, kuma ba ya fita sosai."
Shekararsa shida. Yana cije leɓe.

Kakarsa Eduvigis ta ce a tsallaka da shi Puerto Montt,
a yanke a huta, haka aka yi wa jikan maƙwabta.
Na kwana ina lissafin kuɗin jirgin fito,
da kwana ukun da zan rasa a masana'antar kifi,
da wuƙa.
Wuƙar ce ta hana ni runtsawa.

Likita Quilodrán, a ƙaramin asibitin Ancud,
ta duba, ta wanke hannu, ta rusuna daidai tsayinsa.
"Loɓar ce ta matse. Tiyata ba yanzu ba."
Ta miƙo man shafawa, bai kai ɗan yatsana tsawo ba.
"Kamar ƙwayar shinkafa, safe da dare, mako shida.
A hankali. In ya ce wayyo, a dakata.
Fata ba ta jin dole, lallashi take ji."

Na juya shi a tafin hannu.
Wannan ne zai tare wa ɗana wuƙa?

Muka rataye kalanda kusa da murhu.
Duk shafawa ɗaya, ya zana kifi ɗaya.
Wata Laraba na makara a aikin dare,
na dawo da ƙarni har gwiwar hannu,
na tarar ya wanke hannunsa, ya yi da kansa.
"Na iya," in ji shi, ya ja ƙofa ya rufe.

Mako na uku, shiru kake ji.
Kaka tana ferayar dankali ba ta ɗago ba:
"Ni dai na faɗa."
Na haɗiye amsa, ta tsaya mini a wuya.

Ban san ranar da abin ya saki ba.
Wata safiya dai na ji yana fito da baki a banɗaki,
ya fito yana neman takalminsa ɗaya.

Kuɗin jirgin nan sun zama takalman ruwa, ja.
Kifaye tamanin da ɗaya ne, uku sun ɓace mana.
Kwalin man yana aljihun tebur, cikin maɓallai,
a matse, a lanƙwashe,
na kasa jefar da shi.