Daƙiƙa Huɗu

Motar Nazifi ƙofa biyu ce, ja, cikinta dab da ƙasa.
In ta yi gurnani, har kwanon garejinmu sai ya amsa.
Amma ta shiga kwana sai ta kishingiɗa,
kamar kwale-kwalen da fasinja suka koma ɓari guda.

Ni yaron Oga Tasi'u ne. Aikina riƙe waya.
Asabar da sanyin safiya
muna harabar tsohuwar masaƙa a Sharaɗa,
wadda injinanta suka yi shiru tun ban san kaina ba.
Mun jera tsofaffin tayoyi, mun ja layi da toka:
kwana bakwai, ba irin na mako ba,
miƙe ɗaya,
sai wani ƙusumbi inda saiwar darbejiya ta ɗaga kwalta.
Zagaye guda, minti ɗaya da daƙiƙa goma sha biyu.
Sau shida ya zaga. Lambar ta kafe.

Nazifi ya ce inji ne.
Oga ya ce, "Ƙafa ce.
Huhunta lafiya lau, gwiwa ce ba ta da ita."

Muka kutsa Ƙofar Ruwa da rana tsaka,
rumfa bayan rumfa, baƙin mai har idon sawu,
muka fito da shokazoba huɗu masu zoben murɗawa,
sifirin gajeru, kauri kamar yatsan maƙeri,
da sandar nan da ke ƙulla hagu da dama
don kada ɗaya ta nutse ɗaya ta tashi.
Nazifi ya ce, "A ɗaure ta tamau.
A sauke ta har ta lashi ƙasa."
Oga bai yi musu ba.
Ya murɗa har zobe ya ƙi tafiya.

Asabar ta biyu ta shiga kwana shimfiɗe kamar faranti,
har na fara murna.
Sai ƙusumbi.
Ta yi tsalle, ƙugunta ya watsa gefe,
tayoyinmu uku suka gangara gindin katanga.
Na duba waya: goma sha huɗu.
Kuɗi sun tafi, daƙiƙa biyu sun ƙaru.
Nazifi ya cire hular kwano yana dafe da gadon baya.

Oga ya ƙarasa shayinsa tukuna.
"Taya a sama ba ta tuƙi, ba ta birki.
Ka ce a taurara, na taurara.
Ƙasa kuwa ba ta son mai taurin kai."

Ya shige ƙarƙashi da sifana sha bakwai.
Ya sassauta baya, ƙas, ƙas, ƙas, har biyar,
ya ɗaga ta faɗin yatsa guda,
ya karkato kawunan tayoyin gaba ciki kaɗan
kamar mutum biyu za su yi raɗa.
Ya rage iska.
Ya ɗora tafinsa a kan roba, ciki, tsakiya, waje,
yadda uwa ke taɓa goshin mai zazzaɓi.

Ta sake fita.
Babu ƙara, babu hayaƙin taya.
Ta haɗiye ƙusumbin kamar lomar tuwo da miyar kuɓewa.
Nazifi ya leƙo: "Ai yanzu ji nake kamar ba na gudu."
Na juya masa fuskar waya.
Minti ɗaya da takwas.

Baba maigadi ya yi dariya har da tari:
"Duk wannan wahala a kan daƙiƙa huɗu?
Ko alwala ba ta isa ba."
Babu wanda ya ba shi amsa.

Da yamma na hau Adaidaita zuwa Gwammaja.
Kowane rami sai ya zo mini har ƙeya.
Sauran fasinja suna zancen tsadar mai,
ni kuwa kunnena na ƙarƙashin kujera:
ta hagu ta mutu,
ta dama tana kan hanya.