Fuskar da Na Saba

Kwamfuta bakwai gare ni a shagona na Zango,
duk kwance na saye su, daga wani ofis da ya rufe.
Ta bakin ƙofa sai ta yi tari kafin ta tashi,
ta lungu sai an danne mata waya da dutse.
Amma in sun farka fuskarsu ɗaya ce:
toka-toka, siririn layi a ƙasa, agogo a kusurwa,
ba kwalli, ba jan baki.
Ka taɓa, ta buɗe. Shi ke nan.

Barmu ya dawo daga Yamai da sabuwar fuska a aljihu.
Ya ce, Gwaggo, taki ta tsufa,
zo ki ga tagogi masu inuwa,
suna narkewa cikin juna kamar man shanu kan tuwo.
Na ce, man na gani. Ina tuwon?

Na ba shi ta tsakiya, mai ɗan sauran ƙarfi.
Ran Alhamis, gari ya cika da ƴan kasuwa,
Falmata ta zauna gabanta
da takardar neman aiki a matatar mai.
Kyau kam akwai. Har yaran layi sun leƙo.
Ta danna. Kibiya ta zama zobe.
Zobe ya juya, ya juya,
kamar guga a rijiyar da ta ƙafe.
Fankar ciki tana haki.
Layi uku ta rubuta, kuran ya ɗauke.

Ban yi dariya ba. Dala arba'in ɗinta na mayar mata.

Da dare, muna jiran famfo ya kawo,
jarkoki jere a tsakar gida,
Barmu ya ce, ba kwalliya kaɗai nake ji ba.
Masu yi wa taki yaɓe sun ragu.
Wasu sun tsufa, wasu sun koma wani gini.
Ran da ta tsage, wa za ki kira?

Nan ya same ni.
A Birni aka haife ni, na san katangar ƙasa:
shekara uku ba hannu a kanta,
damina ɗaya ta ishe ta.

Amma na san nauyin da bakwai ɗina ke iya ɗauka
kamar yadda na san gwiwata da matakala.
Wanda ya zana tagogin nan masu inuwa
bai taɓa ƙirga mintocin wuta ba.

An ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.
To, wace fuska?
Wadda ta yi maka murmushi ta bar ka tsaye,
ko wadda ta ce zauna, ba tare da ta dube ka ba?

Shida na nan da tokarsu.
Ta tsakiya na bar wa Barmu,
ya ce akwai wata, sabuwa amma marar jiki,
zai nemo in ya sami layi mai kyau.

Falmata ta dawo ran Asabar.
Ba ta tambayi kowa ba,
ta wuce ta zauna a ta bakin ƙofa,
ta jira ta gama tarinta.