Inda Hankali Yake Kwana

Shekara uku a Samaru ina bin kalma guda:
hankali.
A ƙwaƙwalwa yake, ko haya yake yi a can?
Na cika takardu har fanka ta gaji da juya su.

Ran Laraba agogona ya tsaya.
Na sauka Tudun Wada wurin Barau mai gyara,
rumfarsa ba ta fi tabarma biyu ba.
Ya karɓa, ya ce, "Ina zuwa,"
ya juya baya ya tafi.
Ba wanda ya ce ya yi ƙarya.
Yaronsa ma benci ya gyara mini.

Da ya dawo na jefa masa tambayar:
"Malam Barau, ina hankali yake?"
Bai ɗago ba. "Naka ko nawa?
Nawa dai jiya ya tashi, autata ba ta dawo daga Islamiyya ba.
Bayan isha'i ya kwanta, ashe tana gidan Lantana."
Na ce, "Da ya tashi, ina ya je?"
Ya ajiye hantsaki, ya dube ni
kamar na tambayi wa ya tsinci rana bayan ta faɗi.
"Riƙe wannan a hankali."
Ya sa mini 'yar ƙusa a tafi, ba ta kai ƙwayar gero ba.
Na riƙe. Ban tambayi a ina ba.

Waje kasuwa tana ci.
Wani ya ci bashi, wata ta ci jarrabawa,
mai goro na rantsuwa an ci amanarsa,
ba wanda ya nemi cokali.
Kalma ɗaya, sana'a goma,
wuƙar da ta yanka albasa da safe ita ke feƙe fensir da yamma.
Ni na ɗauke ta na kulle a akwati,
ina mamakin ba ta yanka.

Ya miƙo agogon yana tafiya.
Ba ƙafa, amma mu duka mun yarda.
"Nawa?"
"Kawo abin da ya sauƙaƙa."
Na ba shi ɗari biyar, don haka maganar take nufi.

A mota tambayar tana cikin jaka, ba a amsa ta ba,
ta dai yi lamo, kamar yaron da ya ƙoshi.
Sai kwandasta ya taɓa kafaɗata:
"Malam, ina hankalinka?
Ai mun kusa Shika."