A Tare Ko A Jere

Alƙali ya karanta: uku kan sata,
biyu kan fasa shago a Dilimi,
ɗaya kan wuƙar da ba ta yanki kowa ba.
Na ƙirga da yatsu, shida.
Gwiwata ta ƙi ɗaukata.

A bakin kotu lauya Nanpon ya ɗebi dankali uku
daga buhun da na kawo masa.
Ya jera su a dakali,
sannan ya dunƙule su a tafi ɗaya.
"Na Tanimu tare za su tafi, Inna,
babbar ta goya ƙanana."

Uku ke nan.

Ɗan Kande kuwa a jere aka ba shi.
A motar Faringada, kujera ɗaya,
ban iya ɗaga ido na dube ta ba.