Maɓalli a Aljihu

Ƙarfe uku da kwata, bakin makaranta a Sheffield,
yayyafi na sauka kamar mai jin kunyar ƙasa.
Mun jeru da laimominmu, kowa na kallon takalminsa.
Yara suka fito, kowanne da shuɗiyar ambulan,
Declan zai cika shekara takwas ran Asabar.
Jazuli ya fito hannu rabbana,
jaka a buɗe, safa ɗaya ta zame,
tun daga nesa yake ba ni labarin dodon koɗi.

Sai da muka sha kwanar layinmu ya ce,
"Baba, ƙarewa suka yi kafin a zo kaina."
Na ce wataƙila.
Na durƙusa na ɗaure masa igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Likita ta raɗa wa abin suna, haruffa huɗu na Turanci,
ta ba mu takardu masu hoton yara suna dariya.
Babu wadda ta ce komai game da Asabar.

Ɗana ba shi da mugunta.
Magana ce ke riga shi fita, kamar akuya ta ga ƙofa a buɗe.
Kana tsakiyar zance zai ƙarasa maka,
ana tsakiyar ƙwallo zai ɗauke ta da hannu
don ya tuno wasan da ya fi wannan daɗi,
ya rungume yaro har yaron ya sa kuka,
sannan ya tsaya sororo: me na yi?

Na san wannan tsayuwar.
A Malumfashi ba a kirana da sunan yanka, sai Ƙiriniya,
bulalar Malam Tanimu ta fi tabarma sanin bayana.
Aka ce in na girma zan bari.
Na girma. Har yau uwarsa kan taɓa gwiwata a gaban baƙi.

Daren nan na tsinke maɓalli daga rigar sanyina
na damƙa masa.
"In magana ta taso, murza wannan sau uku,
ka dubi mai magana, ka ga ko ya sauke kayansa."
Ya ce to. Ran Litinin ya ɓatar.
Na tsinke na biyu, na uku.
Yanzu da hannu nake riƙe rigar in iska ta taso.

Akwai wani Tomek, iyayensa mutanen Poland,
Turanci na maƙale masa kamar ƙayar kifi,
gindin katanga ne mazauninsa in an fita hutu.
Ban san wa ya fara ba. Malama dai ta ce
ta same su tsugune bayan ruwa ya ɗauke,
suna kwashe dodon koɗi daga hanya kada a taka,
Jazuli na zuba, Tomek na gyaɗa kai,
kowanne sun ba shi suna, har da takwarana.

Ran Laraba ya fizge masa fensir.
Kwana biyu Tomek bai dube shi ba.
Jazuli ya ture tuwo, ya kwanta da takalmi,
da asuba ya tashe ni:
"Yaya ake ba mutum haƙuri in ba ya son kallonka?"
Na ce ni ma koyo nake.

Jiya na ɗauko su biyun a mota.
Tomek ya soma wani zance game da kakarsa,
kalma, shiru, kalma,
kamar mai tsallaka rafi a kan duwatsu,
ya tsaya a tsakiyar ruwa.
Ta madubi na ga bakin ɗana ya buɗe,
na ga hannunsa ya shige aljihu.
Danja ta ba mu hanya, na bayana ya matsa hon,
ban ɗaga ƙafa ba sai da Tomek ya haye.

Biyu ya murza, na lura, bai kai uku ba.
"Baba ka ji? Zomo goma sha ɗaya gare ta!"