Tsohon Duba-gari

Kubura, matso da fitila,
sake karanto mini wurin nan na nama.
Kin ce can Amurka, shekara ɗari da ɗoriya,
wani shugaba ya sa hannu a doka:
kada tsoka ta bar mayanka
sai ido ya gani, hanci ya shaida, an buga hatimi.

Ashe ɗan'uwana ne, duba-gari!
Sai dai shi da alƙalami, ni da gajeren wandon kaki
da keken da ya ci tayoyi tsakanin Fagge da Kurmi.
Shekara talatin da ɗaya ina leƙa randa,
ina ɗaga hanta da tsinke.
Ranar da na binne san Tanimu mahauci sukutum
ya rantse ba zai zo jana'izata ba.
Ga shi ni na je tasa.

Kin ce ya farfasa manyan kamfanoni
masu haɗa baki su shaƙe kasuwa.
Da zai tashi, da na biya mana a-daidaita zuwa Dawanau
ya ga sito a garƙame, gero na zufa a ciki,
a waje mudu na ramewa, kuɗinsa na ƙiba.

Dazuzzuka kuma ya shata musu iyaka
saboda jikokin da ba a haifa ba.
Mu kududdufin bayan gidanmu,
inda ruwan Agusta ke kwana,
bola aka cika shi da ita, aka dasa shaguna.
Bara ruwan ya dawo neman makwancinsa,
ya same shi a ɗakin kakarki.

Wannan shafin da kika tsallake fa?
A'a, karanta.
Sandar da ya ɗaga wa attajiran gida
ita ya girgiza wa ƙananan maƙwabta?
To.
Ni ma akwai jajiberin da na karɓi cinya
na kawar da kai daga huhu mai tabo.
Aka yi farfesu, gida ya ci,
ni na ce cikina ke ciwo.

Gobe in jarrabawa ta tambaye ki me ya bari,
ki ce tawada ce a jikin nama,
wadda mai saye ba ya ko dubawa
don ya manta an taɓa jin tsoro.

Kashe fitilar.
Kin rufe randa?