Gefen Bargo

Ran Laraba na ɗauko ta daga Runjin Sambo,
naɗe cikin bargon nan mai yankakken gefe:
amfilifayar Baba, mai kwalabe shida,
kai kawai, babu gangar jiki,
don akwatin lasifikar, gara ta riga mu rabon gado.

Shagon Arzika na bayan Tsohuwar Kasuwa,
tsakanin baduku da mai injin niƙan tattasai.
Bazara ce. Fanka tana tuƙa zafi kamar tuwo.
Na miƙa hannu zan kunna, ya make mini yatsu:
"Kul! Wagga ba rediyo ta ba.
In kat tashe ta ba lasifika ga bakinta,
murya ciki za ta koma, ta cinye taransifoma."
Ya leƙa bayanta. Om takwas.
Ya laluɓo om takwas ya jona, sannan ya yi bisimilla.

Kwalabe suka soma ja a hankali,
kamar garwashin mai shayi bayan Isha'i.
Warin ƙura mai ɗumi ya tashi,
warin ɗakin da aka hana mu shiga muna yara.

Akwati biyu Jabbi kafinta ya bar masa.
Ɗaya da huji a ƙasa, dunƙulen hannu zai shige.
Ɗaya rufe ruf, gam da kusoshi,
ko tururuwa sai ta nemi izini.
Na ce mai huji nake so,
na Baba huji gare shi, na sha ɓoye gyaɗa a ciki.

Na taɓa babbar tsirkiya.
Shago ya ɗauka. Gwangwanin sukurori ya yi ta kaɗa haƙora,
baduku ya leƙo da basilla a hannu.
Ƙara kam akwai, har cikin hanji,
irin ta tulu idan yaro ya busa bakinsa,
amma na saki tsirkiya, ita ba ta saki ba.
Sauti ya hau kan sauti,
kamar masu ɗaukar albashi a ƙofar banki.

Arzika ya ce, "Ka ji ko?
Mai kwalba akalatta sako-sako ta.
Raƙumi ya tai, ba ta iya tsai da shi nan take.
In akwati na da ƙofa, sai iska ta yi yadda tag ga dama,
can ƙasa kuwa takarda ta yi ta fiffika a banza.
Rufaffe, iskar ciki ita ka riƙon linzami.
Ba ya cika fili kamar wancan,
amma abin da kac ce, shi za ya faɗi."

Na yi shiru. Ba gardama nake ba,
huji dai na gani da idona, shekara goma sha.

Bai ce komai ba. Ya jawo bargon,
ya murɗa gefe guda, ya cusa a hujin,
ya danna da gindin sukundireba.
"Sake."

Na sake.
Ta fito gajeriya, mai nauyi, ta tsaya inda na tsaya,
kamar taɓarya a turmin da ke cike da gero.
Ita ce. Wadda ke ratso bango da dare
lokacin da muke kwance a tsakar gida,
Inna tana cewa a rage, mutane na barci.

Sai na dubi wancan gefen, yankakken.
Shekaru Inna tana tambayar wanda ya yanka mata bargo,
mu huɗu muka sha rantsuwa,
Baba yana gefe yana gyaran tsirkiya, bai ɗago ba.

Wuta ta ɗauke. Kwalabe suka dushe ɗaya bayan ɗaya.
Arzika ya ce wane za a ɗaura mini a keke.
Na ce mai hujin.
Na ce ya ara mini almakashi.